Bikin yara, bashin manya

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram ya san Tsarnawa, ko da bai taɓa kwana cikinta ba. Nan ne hanyar Tawa da Agadas take rabuwa ta miƙe arewa, nan ne kuma manyan motoci suke tsayawa su yi lodin albasa da rani. A wannan gari wani ma'aikacin gwamnati yake zaune da iyalinsa, mutum mai matsakaicin albashi, wanda bai taɓa cin bashin da ya hana shi barci ba. Ƴaƴansa huɗu. Ta ukunsu, ɗiya mai shekara 8, ita ce ya sa a wata makarantar kuɗi a Birnin Ƙonni don ya ga tana da kai. Kullum da sassafe ya ɗora ta bayan babur ya kai ta, da marece ɗan kabu-kabu ya maido ta. Da yake sunan mahaifiyarsa ta ci, ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce «Uwata».

Wata ranar Laraba cikin watan Oktoba na 2023 yarinyar ta komo gida da wata ƴar takarda mai ƙyalli, da hoton balan-balan a kanta. An rubuta da Faransanci cewa wata ƴar ajinsu za ta cika shekara 8 ranar Juma'a, kuma za a yanka gato a cikin aji.

«Baba, kowa zai kai kado,» in ji ta.

Uban bai ga abin damuwa ba. Ya biya kanti ya sayi kaye biyu da bik, duka dala ɗari, watau sefa 500, aka naɗe a takarda. Ranar Juma'a da marece yarinyar ta sauko daga babur ba ta gaida kowa ba, ta shige ɗaki. Da ƙyar uwarta ta ji abin da ya faru. Ashe a gaban aji aka buɗe kayan, ɗaya bayan ɗaya, ana faɗin sunan wanda ya kawo. Ɗan wani ɗan canji ya kawo agogo, ɗiyar wani ɗan duwan ta kawo ƴar tsana mai magana. Da aka zo kan kaye biyu da bik sai wani yaro ya yi dariya, saura suka kama.

A daren nan maigidan ya daɗe zaune a tsakar gida yana juya abin a ransa. Shi kansa ba shi da ranar haihuwa. An haife shi a wani ƙauye na ƙasar Adar, cikin gundumar Illela, kuma takardar da alƙali ya bayar a madadin ta haihuwa lokacin da za a sa shi lakwal cewa ta yi «né vers 1982». Daga baya, da kwamfuta ta ƙi karɓar «wajen shekara kaza», sai aka ba shi 1 ga Janairu, kamar yadda aka bai wa dubban tsararrakinsa. Mahaifiyarsa kuwa nata lissafin daban ne: ta ce damina biyu kafin El-Buhari ta haife shi, watau yunwar 1984 da 1985, wadda mutanen yankin suka laƙaba wa sunan shugaban Najeriya na lokacin, Janar Muhammadu Buhari, saboda rufe iyaka da ya yi a 1984.

Ba wai Bahaushe bai damu da lokacin haihuwa ba ne. Cikin suna yake ajiye shi. Ɗanladi da Balarabe da Asabe da Jummai suna ɗauke da ranar mako, Nomau da Anaruwa suna ɗauke da damina, Azumi tana ɗauke da watanta. Shagalin haihuwa kuwa sau ɗaya ake yinsa, ranar suna, a yanka rago, a raba goro da dabino. Daga nan yaro ba zai sake tara mutane ba sai ranar kaciya, ko saukar Alƙur'ani, ko aure. Bikin zagayowar ranar haihuwa na yara, da gato da kyandir, al'ada ce da ta yi ƙarfi a Jamus kafin ta bazu cikin Turai da Amurka a ƙarni na 19, ta iso nan ta hannun ƴan boko na manyan birane, sannan talabijin ta ƙara mata gudu. Yanzu da gidan haihuwa yake rubuta rana da sa'a, Facebook yake tuna wa kowa ranar kowa, hoton gato kuma yake zaga WhatsApp kafin a gama cinsa, abin ya sauko har ajin ƴan shekara 8 a bakin iyaka.

Uwargida ce ta fara gane inda matsalar take.

«Malam, kai kana ganin wasan yara ne. Wannan biki ne. Abin da ka kai ana riƙe da shi.»

Ta san abin da take faɗa, don tana da wani tsohon kaye cikin adakarta inda take rubuta abin da kowace ƙawa ta kawo mata ranar suna, da abin da ita ta kai. Tsarin biki tsakanin mata daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa: wadda aka kawo wa gudummawa za ta mayar in na mai kawowar ya tashi, tare da ƙari, sau da yawa ninki biyu. Wani masani Bafaranshe, Guy Nicolas, ya shafe shekaru yana nazarin wannan a ƙasar Maraɗi, ya fitar da littafi a kai a 1986, inda ya nuna irin ɗimbin dukiyar da take yawo ta hanyar kyauta a gefen wadda take yawo ta kasuwa. Abin da ya rubuta a littafi, kowace tsohuwa a Tsarnawa ta san shi a ka.

Sai dai biki yana da shingayen da suke tsare shi. Mace ita take zaɓen ƙawar bikinta, ta zaɓi wadda ta san ƙarfinta. Suna da aure ba kullum suke zuwa ba, akwai lokacin yin tanadi da zubin adashi. In ninkin ya yi nauyi, su biyun suna iya komawa ƙasa su sake farawa daga kaɗan, ba mai jin kunya. Kuma manya ne suke yi da junansu, su suke ɗaukar yabo, su suke ɗaukar zargi. Kadon aji ya ɗauki nauyin biki ya bar shingayen. Ba wanda ya zaɓi ƴan ajin ɗansa. Ɗan mai tireloli da ɗan mai gadi benci ɗaya suke zama. Kunyar kuma, in ta zo, a kan yaro take sauka, a gaban tsararrakinsa, alhali ba shi ya riƙe aljihun ba.

Maigidan bai tsaya ya bi wannan tunani har ƙarshe ba. Hawayen ɗiyarsa kaɗai yake gani. Da kati na biyu ya zo sai ya shiga kasuwar Ƙonni ya sayi kado na jika 5. Na uku ma haka, na huɗu jika 6. Lokacin kuwa ba na wasa da kuɗi ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, an rufe iyakar Najeriya da ta Benin, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Ƙonni, wadda numfashinta yake haɗe da na Illelar Najeriya da Sakkwato, ta ji a jikinta. Shinkafa da mai da sukari duk suka hau, albashi kuwa yana inda yake.

Wani dare cikin Disamba ya ɗauko bik ya yi lissafi. Ajin yara 40 ne. Shekarar karatu daga Oktoba take zuwa Yuni, wata 9 cikin 12, ke nan kimanin yara 30 ne ranarsu za ta faɗo lokacin karatu. In rabinsu kaɗai suka yi biki, jika 5 sau 15 ya ba da sefa 75.000, abin da ya kusa kuɗin makarantar na shekara guda. In duka suka yi, 150.000 ke nan. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da shi a Nijar ya tsaya a kan sefa 30.047 tun 2012, kafin a ɗaga shi zuwa 42.000 a farkon 2024. Kadon aji guda, ke nan, yana iya haɗiye fiye da albashin wata uku da rabi na lebura. Kuma ƙanen yarinyar yana nan tafe.

Lissafin ya tuna masa da kawunsa, wanda ya riƙe shi a Ƙonni lokacin da yake karatu. Kawun ma'aikaci ne a shekarun 1990, zamanin da albashi yake yin watanni bai fito ba, zamanin da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. A gidan nan akwai ranakun da sau ɗaya ake ɗora tukunya, amma kawu bai taɓa fashin kai gudummawa wurin suna ko ɗaurin aure ba, sai dai sunansa ya ƙara tsawo cikin kayen mai kanti. Yana yaro bai gane ba. Yanzu ya gane cewa ma'aikaci ya fi tsoron a ce ya gaza da ya kwana da yunwa, kuma shi ma kan wannan turba yake.

Duk da haka bai daina ba, sai da abin ya biyo ta inda bai zata ba. A ajin akwai wani yaro maraya. Ubansa direba ne, ya rasu a hanya. Wan uban da yake fatauci a Kurmi ne yake biyan kuɗin makaranta, uwar kuwa ƙosai take toyawa kusa da tasha. Da ranar yaron ta zo cikin Janairu, uwar ta daure ta sayi ledar alawa da biskit aka raba a aji, don kada ɗanta ya zama saniyar ware. A watan nan maigidan ya samu ɗan kuɗin tafiyar aiki, sai ya ce bari ya faranta wa maraya rai. Ya sayi motar wasa mai batir, jika 7. Ya koma gida yana jin ya yi aikin lada.

Cikin Fabrairu ranar «Uwata» ta zo. Bayan la'asar sai ga sallama a ƙofar gida. Uwar marayan ce, ta biya kuɗin mota daga Ƙonni, tana riƙe da jakar makaranta sabuwa fil, irin mai taya, wadda ba a samu a ƙasa da jika 10.

«Yaya, ga ɗan abin da ya samu, a bai wa ɗiyata. Ku yi haƙuri da shi, ba yawa.»

Uwargida ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta kawo ruwa da fura, ta raka ta har bakin kwalta. Bayan kwana uku, ta bakin wata mai kitso, ta ji cewa matar ta sayar da ƴar tunkiyar da take kiwo don Layya. Da ta faɗa wa maigidan sai ya ce a mayar da jakar, ko a aika mata kuɗinta.

«Subhanallahi, Malam! Ka mayar mata, ka ce da ita mi? Ka ce ba ta isa ba? Ka ɗora mata kaya, yanzu kuma kana so ka tuɓe mata zane.»

Nan ne ya ga abin da bai gani ba tun Oktoba. Tun farko tambayar da yake yi ita ce: nawa zan kashe don kada a raina ɗiyata? Bai taɓa tambayar kansa nawa ne wanda aka bai wa zai iya mayarwa ba. A ƙasar da ake riƙe kyauta a ka, babban kado umurni ne ga mai karɓa. Jika 7 ɗin da ya fitar da sunan tausayi ita ta fitar da tunkiya daga gidan marayu.

Sai ya yi shawarar zuwa wurin wanda yake ganin shi ne tushen gasar, wani Alhaji dillalin albasa, wanda gaton ɗansa hawa uku ne, daga Tawa aka kawo shi. Ya same shi a rumfarsa, tsakanin buhunan albasar Galmi mai ruwan hoda, wadda ta yi suna har Akara da Abijan. Ya yi zaton zai sha faɗa. Alhaji ya saurara har ya gama, sannan ya yi murmushi.

«Malam, kai kana da wata, ni ba ni da wata. Ranar talatin kuɗinka za su zo ko ka sa riga ko ba ka sa ba. Ni kuwa manoma daga nan har Malbaza suna ba ni albasa bashi don sun ga tsayuwata. Bara motocina biyu suka maƙale a iyaka har kayan suka ruɓe. In a bana gaton ɗana ya rage hawa ɗaya, kafin magariba za a ce Alhaji ya karye, gobe ba mai ba ni buhu. Wallahi ni ma na gaji. Amma ban iya farawa ni kaɗai.»

Wannan magana ta warware masa sauran ƙullin. Ɗan kasuwa yana kashewa don tsare amanar da ake ba shi, ma'aikaci yana kashewa don kada a ce boko bai yi rana ba, talaka yana kashewa don kada a nuna ɗansa da yatsa. Kowa yana tsammanin sauran suna jin daɗin abin, kowa yana jiran wani ya fara sauka. Abin da mutum ɗaya ba ya iya bari ba tare da ya ji kunya ba, taro yana iya barinsa a zama guda.

A watan Afrilu na 2024, bayan ƙaramar salla, lokacin an ɗage takunkumi an kuma buɗe iyakar Najeriya, ƙungiyar iyayen yara ta yi zamanta. Maigidan ya nemi izini ya kawo shawara huɗu, Alhaji ya mara masa baya kamar yadda suka shirya. Ta farko, a daina biki ɗaya ɗaya. A ware Juma'ar ƙarshen wata a haɗa duk waɗanda aka haifa a watan, waɗanda ranarsu ta faɗa cikin hutu a haɗa su a Yuni. Ta biyu, kado kada ya wuce dala ɗari, kuma wanda bai kawo ba ba a tambayarsa. Ta uku, kada a buɗe kome a cikin aji. Ta huɗu, wadda ta fi jawo gardama, kada a rubuta sunan mai bayarwa.

Wani ya miƙe ya ce dukiyarsa ce, ba wanda zai auna masa alherinsa. Aka ce da shi ƙofar gidansa a buɗe take, ya yi duk shagalin da ya ga dama a can. Ajin ne na kowa. Wani malami daga cikin iyayen ya ce shi tun asali bai yarda da wannan biki ba, al'adar wasu ce, ya fi son a bar shi gaba ɗaya. Wasu suka goyi bayansa, wasu suka ce malamai sun saɓa a kan mas'alar. Ba a raba wannan gardama ba, amma an amince cewa ba za a tilasta wa kowane yaro shiga ba, kuma ba za a yi masa gori ba. Wata uwa ta ce kyautar da ba suna ba ta ƙulla zumunci. Maigidan ya amsa cewa gaskiya ne, amma ɗan shekara 8 bai riga ya zaɓi abokan zumuncinsa ba. In abota ta yi ƙarfi tsakanin yara biyu, iyayensu za su san juna, su yi bikinsu irin na manya, a gida, da sanin ƙarfin juna.

Game da adadin, ba wani sirri cikin dala ɗari. An tsayar da ita ne don ita ce abin da mai toya ƙosai za ta iya fitarwa daga cinikin safiya ɗaya ba tare da ta taɓa jari ba. A wata makarantar, a Yamai ko Maraɗi, ma'aunin yana iya zama jika guda ko biyu. Hanyar gano shi dai ɗaya ce: a dubi wanda ya fi kowa ƙaramin ƙarfi a cikin ajin, a tambayi abin da zai iya mayarwa ba da rance ba, ba da sayar da dabba ba. Abin da ya haura wannan ya tashi daga kyautar yara ya koma zancen manya da junansu.

Ba a ce kome ya gyaru ba. Har ƙarshen shekarar akwai gidaje biyu da suka ci gaba da aiko direba da manyan ƙunshi a bakin ƙofar makaranta, yara kuma, da yake yara ne, sukan gane wanda ya kawo kaza ko ba a rubuta ba. Amma an daina kiran suna a gaban allo, kuma «Uwata» ta daina tambayar kuɗin abin da aka saya kafin ta karɓa. A Juma'ar ƙarshen Mayu fensiran kala ta kai, na sefa 400, ta dawo tana ba da labarin wasan da aka yi.

Saura batun tunkiya. Da azumi uwargida ta aika wa uwar marayan sukari da gero ta hannun wata tsohuwa, a matsayin abin buɗa-baki irin wanda ake rarrabawa maƙwabta, don kada ya yi kama da biyan bashi. Maigidan ya ɗauka magana ta ƙare ke nan. Wata rana yana neman takardar rigakafin yara cikin adaka sai ya ci karo da tsohon kayen nan. A shafi na ƙarshe, ƙarƙashin sunayen ƙawayen da suka shekara goma sha biyar suna biki da ita, uwargida ta ƙara sabon layi. Ta rubuta sunan matar, ta rubuta jaka ɗaya, a gabanta kuma ta rubuta tunkiya ɗaya. Ya tambaye ta yaushe za a biya.

«Yaron yana izu goma sha biyu yanzu,» in ji ta. «Allah ya kai mu ranar saukarsa.»